Darar Ƙasa da Na'urar da Ta Kayar da Gwani

Idan aka gama yankan dawa a ƙasar Musawa, aka ɗaure dammuna aka zuba a rumbu, auduga kuma ta tafi kasuwa, akwai wani zama da yakan dawo gindin bishiya tun kaka da kakanni. Mutum biyu ne za su share ƙasa da tafin hannu, su tona gurabe 30, layi biyar kowanne da gurbi shida. Ɗaya ya karyo kara ya gutsuttsura shi gida 12, ɗayan ya tsinto tsakuwa 12, 'yan kallo su yi musu zobe, a fara dara. Haka aka saba daga Jikamshi zuwa Matazu, daga Kankiya zuwa Malumfashi, haka kuma abin yake har Maraɗi da Damagaram. Mai wucewa yakan dube su ya ce zaman kashe wando ne, kuma wannan hukunci ya daɗe yana bin dara, har ya hana a tambayi abin da ke gudana a zukatan mutanen nan biyu. Abin da nake son kafa hujja a kansa shi ne cewa dara reshe ce ta ilimin manɗiƙi, reshen da aka yi ta koyarwa a ƙasa maimakon takarda, kuma ta cancanci gurbi a tarihin ilimin ƙasar Katsina. Babbar shaidata za ta fito ne daga nesa, daga tarihin masanan da suka shafe kusan shekara 50 suna koya wa kwamfuta shaɗaranji, wato darar da Turawa suka gada daga Larabawa da Farisawa, har ta kai ga kayar da gwanin duniya a 1997.

Kafin a je can, ya kamata a dubi wasan da kyau, domin sunan dara ya haɗa wasanni da yawa a bakin Bahaushe. Akwai ta gurabe 12 da ake kwasar 'ya'ya ana zagayawa ana zubawa ɗaya-ɗaya, 'yar'uwar ayo ta Yarbawa da oware ta mutanen Gana. Akwai ta allo mai gidaje baƙi da fari, wadda ta shigo daga baya. Wadda nake nufi ita ce ta jera uku, kuma mataki biyu gare ta. Da farko ana zubi: kowa ya ajiye ɗa guda a gurbin da ya zaɓa, bi da bi, har 'ya'ya 24 su zauna, gurabe shida su rage babu kowa, kuma a wannan mataki ba a yarda mutum ya jera uku ba. Daga nan sai tafiya: ɗa yana matsawa gurbi ɗaya gaba ko baya ko gefe, ba ya tsallake, ba ya bin karkace. Wanda ya jera 'ya'yansa uku a layi ya ci, sai ya ɗauke ɗan abokin wasansa guda, jeren huɗu kuwa ba ci ba ne. Wanda 'ya'yansa suka ragu har ba zai iya jera uku ba, an cinye shi. Dokar ke nan, yaro ma zai riƙe ta a zama ɗaya. Amma dubi abin da ƙwararre yake yi lokacin zubi. A lokacin babu ci, don haka duk ɗan da ya ajiye, ya ajiye shi ne saboda wata tafiya da ba za ta zo ba sai an gama zuba sauran. Yana lura da inda gurabe shidan nan za su faɗo, tun da duk motsin da za a yi nan gaba ta cikinsu zai bi. Yana toshe bakin layin da ya ga abokinsa na ginawa, yana kuma neman tsarin nan da 'yan dara ke kira doki, inda ɗa guda zai riƙa kai da komowa tsakanin gurbi biyu, in ya je ya cika uku, in ya dawo ya cika wani ukun. Wanda aka kafa wa doki ya san an gama da shi tun 'ya'yansa na nan birjik a ƙasa. Su duka biyun sun gano ƙarshen wasa daga tsarinsa tun kafin ido ya gani, kuma wannan shi ne abin da malaman manɗiƙi ke kira fitar da natija daga muƙaddima.

Wasan tsoho ne, kuma ya ci ƙasa mai faɗi. Zabarmawa a Nijar suna yin sa da sunan dili, Dakarkari a ƙasar Zuru sun shahara da shi, ana yin danginsa a Mali da Burkina Faso. Charles Béart, mutumin Faransa, ya kawo irinsa a babban littafinsa na wasannin Afirka ta Yamma da aka buga a Dakar a 1955, R. C. Bell na Ingila kuma ya sa darar Dakarkari a littafinsa na wasannin allo na duniya a 1960. Abin lura shi ne baƙi ne suka rubuta, kuma galibi dokoki suka ɗauka. Dabarun gwanaye, da karawar da aka yi aka daɗe ana labarinta a kasuwa, sun tafi tare da guraben da aka yi su a ciki. Shaɗaranji ya yi sa'ar da dara ba ta yi ba. Asalinsa Indiya wajen ƙarni na 6, ya shiga Farisa, Musulmi suka karɓe shi daga can, kuma a Bagadaza ta Abbasiyawa aka fara yi masa littattafai. Al-Adli a ƙarni na 9 da as-Suli a ƙarni na 10 sun tattara hanyoyin buɗe wasa da matsalolin ƙarshensa, suka yi musu sharhi. Akwai matsala guda ta as-Suli da ta gagari gwanaye kusan shekara 1,000, sai a shekarun 1980 Yuri Averbakh na Rasha ya warware ta. Ta Andalus da Sisili wasan ya shiga Turai, ya kuma ƙetaro hamada ya iso Borno, inda C. K. Meek ya ba da labarinsa a 1934 da sunan tsatsarandi. Abin da ya ɗaga darajar wasan ɗaya a idon tarihi ya bar ɗayan a ƙasa, alƙalami ne.

Kuma ƙasar Katsina ba ta rasa alƙalamin ba, ba ta kuma rasa masu sha'awar tsararren tunani ba. Shehu Muhammadu al-Maghili, wanda ya zauna Kano da Katsina a shekarun 1490, ya yi waƙe a kan manɗiƙi, ya kuma yi musayar baitoci da Shehu Jalaluddin as-Suyuɗi na Masar yana kare halaccin koyon wannan ilimi lokacin da Suyuɗi ke hana shi. Daga baya Sullam na al-Akhdari ya zama littafin da ɗaliban zaure ke shiga manɗiƙi ta cikinsa. Sai kuma Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi, Bakatsinen da ya tafi aikin hajji, ya zauna Alƙahira, ya rasu can a 1741 a gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar. A 1732 ya rubuta littafi kan hatimi, inda ya bayyana hanyoyin cika hatimi mai adadin wutiri, wato mai gida uku-uku ko biyar-biyar ko bakwai-bakwai, ta yadda duk layin da aka haɗa, a tsaye ko a kwance ko a karkace, jimla ɗaya zai bayar. Mutane sun fi sanin hatimi ta fuskar asiri, kuma wannan fuska ba ta cikin maganata. Abin da ya shafe mu shi ne yadda ake gina shi: ka sa ɗaya a gida kaza, ka matsa kaza ka sa biyu, in ka fita ta wannan gefe ka shigo ta wancan, in ka tarar gidan a cike ka koma kaza. Wanda ya bi umarnin sawu da ƙafa zai cika hatimin daidai, ko da bai san abin da ya sa yake fita daidai ba. Irin wannan jerin umarni, wanda ba ya bukatar fahimtar mai binsa, shi ne ainihin abin da ake rubuta wa kwamfuta a yau. Littattafan Larabci na wannan fanni ma sukan kwatanta matakan da tafiyar 'ya'yan shaɗaranji, musamman tsallen doki. Ke nan a ƙasa ɗaya an sami malami a zaure yana rubuta ƙa'idar tunani, da manomi a gindin tsamiya yana aiki da ita, babu wanda ya haɗa su wuri ɗaya.

Masu lissafi na Turai da Amurka ne suka haɗa wasa da ƙa'ida, ko da yake labarin da yaudara ya fara. A 1770 Wolfgang von Kempelen ya kai wa Sarauniya Maria Theresa a Biyana wani mutum-mutumi mai rawani da ake cewa yana buga shaɗaranji da kansa, alhali gwani ne a ɓoye cikin akwatinsa yana motsa hannunsa. An yi ta yawo da shi shekara da shekaru, har gobara ta cinye shi a Filadelfiya a 1854. Na'urar gaskiya ta farko ita ce ta Leonardo Torres Quevedo na Sifen a 1912, wadda ba ta iya komai ba sai ƙarasa wasa guda, sarki da hasumiya suna kama sarki shi kaɗai, amma tana yi babu hannun mutum. Shekara guda bayan haka, a 1913, Ernst Zermelo na Jamus ya kafa hujjar da ta shafi dararmu kai tsaye. Abin da ake fahimta daga hujjarsa shi ne, a duk wasan mutum biyu da ba a jefa ƙuri'a a cikinsa, ba a ɓoye komai, kuma yana da iyaka, to ɗayan biyu ne: ko dai wani ɓangare yana da hanyar cin da ba za a iya hana shi ba, ko kuma kowa na da hanyar tilasta canjaras. Wato tun kafin a ajiye ɗan farko akwai amsa a kwance, kuma duk wanda aka cinye daga tsarin da bai kamata a cinye shi ba, kuskuren tunani ya yi. Sa'a ba ta da gurbi a ciki. A 1948 Alan Turing na Ingila da abokinsa David Champernowne suka tsara umarnin buga shaɗaranji, kuma da yake babu na'urar da za ta iya ɗaukarsa, a 1952 Turing ya zauna da takarda da fensir ya zama shi ne na'urar. Kowace tafiya sai ya yi kusan rabin sa'a yana lissafi bisa umarnin, ba ya sa ra'ayinsa ko da ya ga inda umarnin zai kai shi ya baro, har abokin aikinsa Alick Glennie ya cinye shi. An ci umarnin, amma an tabbatar cewa umarni tsagwaronsa yana iya buga wasa daga farko har ƙarshe.

Claude Shannon na Amurka shi ne ya shimfiɗa matsalar filla-filla a wata maƙala a 1950. Ya ce a matsakaicin hali mai wasa yana da zaɓi kusan 30, abokinsa ma haka, kuma wasa kan kai tafiya 40 kowane ɓangare. In aka ninka, hanyoyin da wasa zai iya bi sun kai lamba 1 da sifili 120 a bayanta, adadin da babu na'urar da za ta ƙirga shi har a naɗe ƙasa. Saboda haka dole na'ura ta yi abu biyu. Na farko, ta hangi 'yan tafiyoyi gaba, tana ɗauka a kowane mataki cewa abokin karawa zai zaɓi abin da ya fi cutar da ita, ita kuma ta zaɓi abin da ya fi rage cutar. Na biyu, inda hangen ya tsaya, ta auna tsarin da ke gabanta ta yanke wa ya fi ƙarfi, alhali wasa bai ƙare ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa kan 'yan dara ya san abu na farko, domin a fili ake faɗinsa, in ba mai wasa ba to ɗan kallo: in ka sa nan zai toshe can, in ya toshe can ya buɗe maka wancan, in ka ci wannan ɗan ka raba masa layi. Sharaɗi ne da jawabinsa, a jere, kowanne yana hawa kan na bayansa. Abu na biyu kuwa shi ne wanda dattijo ke yi in ya ɗan leƙo ya ce wa mai tsakuwa ya tashi kawai an cinye shi, bai ƙirga komai ba, kuma maganarsa ta tabbata. Masanan da suka taru a Kwalejin Dartmouth a 1956, inda John McCarthy ya raɗa wa fannin sunan da muke kira ƙirƙirarriyar basira, sun rungumi wasannin allo ne saboda sun haɗa waɗannan abubuwa biyu a ƙaramin fili, doka a bayyane, sakamako ba gardama. A daidai wannan zamani Arthur Samuel na kamfanin IBM ya rubuta umarnin darar allo mai gyara ma'auninsa da kansa daga wasannin da ya buga, ya ba da bayaninsa a 1959, kuma daga nan maganar koyon na'ura ta samo tushe.

A 1957 Herbert Simon ya yi hasashen cewa cikin shekara 10 kwamfuta za ta zama gwanar duniya a shaɗaranji. Sai da aka yi 40. Dalilin jinkirin yana cikin binciken da Adriaan de Groot na Holan ya wallafa tun 1946, inda ya sa gwanaye da matsakaita su riƙa faɗin tunaninsu a fili suna duban tsari ɗaya. Ya tarar gwani bai fi matsakaici yawan ƙirga ba sosai, ya dai fi shi sanin inda zai duba. Idonsa kan faɗa kan tafiya biyu ko uku masu amfani, ya watsar da sauran tun bai taɓa su ba. Wannan ido shi ne ya yi wuyar rubutawa, sai injiniyoyi suka bi ta hanyar ƙarfi. A Fabrairun 1996 Garry Kasparov, gwanin duniya na lokacin, ya doke na'urar Deep Blue ta IBM da ci 4 da 2 a Filadelfiya. A Mayun 1997 a birnin New York, bayan an ƙara mata ƙarfi har tana duba tsari kusan miliyan 200 a daƙiƙa ɗaya, ta doke shi da 3 da rabi, shi 2 da rabi. A wasa na biyu ta ƙi ɗaukar ribar da ke kusa ta zaɓi tafiyar da ke ƙuntata masa a hankali, abin da ya girgiza shi har ya yi zargin akwai hannun mutum. Wasa na shida, ranar 11 ga Mayu, bai wuce tafiya 19 ba.

A nan ne mai ja zai tare ni. Zai ce wannan labari ya rushe hujjata da kansa: in na'urar da ba ta san tana wasa ba ta kayar da gwanin gwanaye da yawan ƙirga kawai, ashe babu wani tunani a wasan, ƙidaya ce, kuma ɗan dara bai fi mai ƙirga buhuna a kasuwar Funtuwa ba. Amsa ta farko ita ce Deep Blue ba da ƙirga kaɗai ta yi nasara ba. An zuba mata dubban ma'aunai na auna tsari, gwanaye irin su Joel Benjamin sun zauna da injiniyoyi suna gyara mata su, an kuma loda mata tarin wasannin da mutane suka buga aka rubuta. Idon mutane ta ara, ta ɗora masa gudu. Amsa ta biyu ta zo bayan kusan shekara 20. A Maris 2016 AlphaGo ta kamfanin DeepMind ta doke Lee Sedol da 4 da 1 a birnin Seoul a wasan go, wanda faɗinsa ya fi ƙarfin ƙirga nesa ba kusa ba. A ƙarshen 2017 AlphaZero, wadda dokokin shaɗaranji kawai aka ba ta aka bar ta ta yi ta karawa da kanta, ta doke Stockfish, ɗaya daga cikin mafiya ƙarfin manhajojin lokacin, alhali tana duba dubban tsari a daƙiƙa inda Stockfish ke duba miliyoyi. Da ƙarancin ƙirga da kyawun zaɓi ta yi galaba, kuma zaɓin daga yawan bugawa ta same shi, kamar dai yadda de Groot ya gani ga gwanaye. Don haka tarihin bai nuna wasa fanko ba ne. Ya nuna cewa abin da dattijon nan ke yi in ya leƙo ya yanke hukunci ilimi ne na gaske, wanda ya ɗauki manyan masana fiye da shekara 60 kafin su iya kwaikwayonsa.

Wani zai ce to wannan shaɗaranji ne mai gida 64 da 'ya'ya iri shida, ina ruwansa da gurabe 30 da kara da tsakuwa. Gaskiya ne dara ta fi ƙanƙanta, amma a yi lissafi a gani. A zubi, mai farawa yana da zaɓi 30, na biyu 29, kafin a ajiye 'ya'ya huɗu kacal hanyoyin sun kai 657,720. Hanyoyin da 'ya'ya 12 na wannan da 12 na wancan za su iya zama a gurabe 30 sun haura tiriliyan 1.6, kafin a cire waɗanda doka ta hana. In aka ɗauki kowane gurbi da hali uku, kara ko tsakuwa ko wofi, iyakar sama ta kusan tiriliyan 206. Babu kan ɗan Adam da zai haddace wannan, don haka gwanin dara ba hadda yake yi ba, tunani yake yi. Kuma masana ba su raina wasanni masu wannan girma ba. Ralph Gasser a Zurich ya warware wasan Turawa na jera uku mai 'ya'ya tara-tara a 1993, wanda shi ma zubi ne sannan tafiya, ya tarar in kowa ya buga daidai canjaras ne. A 2002 John Romein da Henri Bal a Amsterdam suka warware awari, wato ɗan'uwan dararmu ta gurabe 12, bayan sun bi tsari sama da biliyan 889, shi ma canjaras. Jonathan Schaeffer na Jami'ar Alberta a Kanada ya yi shekara 18, daga 1989 zuwa 2007, kafin ya tabbatar da haka ga darar allo mai gida 64. Wasan Afirka ta Yamma ya riga ya shiga manyan mujallun kimiyyar kwamfuta, sai dai ta hannun wasu ya shiga. Darar jera uku tana da girman da ya isa ya zama bincike mai nauyi, kuma ba ta yi girman da zai gagari kwamfutocin yau ba.

Ja mafi nauyi a ƙasarmu ta addini ce, kuma ba a tsallake ta. Risala ta Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, wadda kusan kowane ɗalibin fiƙihu a ƙasar Hausa ya ratsa, ta hana wasan nardi da shaɗaranji, Imamu Malik ma ya ƙi shaɗaranji. Malaman Shafi'iyya da yawa sun tsaya kan karhanci in babu kuɗi a ciki, bai hana salla ba, bai jawo zagi ba. Fatawa ta malamai ce, mai rubutun tarihi ba shi da hurumi a cikinta. Abubuwan da ake tsoro kuwa na gaske ne. Akwai wanda ake kiran la'asar yana kan dara har magariba ta same shi, akwai wanda ya mai da ita caca, akwai magidancin da gidansa ba cefane yana gindin bishiya, kuma babu hujjar lissafi da za ta wanke wannan. Sai dai ya dace a tuna cewa dara ba ta da ƙuri'a ko sa'a irin ta nardi ko karta, kuma nazarin wasa a aji don koyar da yaro sharaɗi da natija wani abu ne daban da kwana a kansa. Shi kansa manɗiƙi an taɓa yi masa irin wannan kallo, manyan malamai suka hana, wasu manya suka halatta, kuma zaurukanmu sun ci gaba da karantar da shi bisa sharuɗɗa.

Akwai iyaka guda da ni ma na yarda da ita. Rayuwa ba dara ba ce. Manomin Musawa da ke shawarar ko ya yi shuka da ruwan farko ko ya jira, ko ya sayar da masararsa da kaka ko ya ajiye zuwa bazara, yana karawa ne da abin da ba ya gani, kuma dokar kan canza ana cikin wasa. Na'urar da ta kayar da Kasparov ba za ta iya ba shi shawara ko ɗaya ba. McCarthy da kansa ya koka a 1997 cewa masu wannan aiki sun mai da shi gasa maimakon bincike. Amma fagen horo ba a auna shi da cewa ya zama fagen fama, ana auna shi da abin da ya fitar. Demis Hassabis, shugaban DeepMind, gwanin shaɗaranji ne tun yana yaro, kuma kamfanin da ya fara da wasanni shi ne ya fito da AlphaFold mai hasashen surar sinadaran furotin, aikin da ya sa aka ba shi kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 2024.

Abin da ya sa maganar ta zama ta gaggawa shi ne halin da zaman dara ke ciki. Waya da gidan kallon ƙwallo sun ɗauke samari, rashin tsaron da ya addabi Musawa da Matazu da Ɗanmusa da Ƙanƙara ya tashi ƙauyuka, ya rage zaman yamma a bakin gari, kuma ilimin da ba a rubuta ba a ƙirjin masu shi yake. A Legas, Tunde Onakoya ya fara amfani da shaɗaranji tun 2018 yana jawo yaran unguwannin talakawa zuwa karatu, kuma shi sai ya nemo allo da 'ya'ya. Malamin lissafi a Musawa ba ya bukatar sayen komai. Aikin da ke gaba ba mai tsada ba ne: a bi gari-gari a rubuta dokar dara yadda kowane wuri ke yin ta, domin akan sami bambanci, a sa wa gurabe lamba daga 1 zuwa 30 yadda za a iya rubuta wasa tafiya bayan tafiya, a ɗauki karawar gwanaye da waya, a zauna da su su faɗi dalilin kowane zubi da sunan kowace dabara. Sannan ɗaliban kimiyyar kwamfuta su rubuta manhajar da za ta buga, su nemi amsar ko mai fara zubi ne ke da galaba ko canjaras ne. Ina kira ga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Jami'ar Tarayya ta Dutsinma da Jami'ar Al-Qalam, tare da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina, da su ɗauki wannan aiki, kuma su fara da dattawan da suka iya wasan tun suna nan da ransu da lafiyarsu.